Benen da na sa aka yi wa kyanwata a ciki da falo

Ranar da na je Sokoban, unguwar masu katako a nan Kumasi, na ce wa wani dattijon kafinta ina son ya yi wa kyanwa matakala a bango, sai ya ajiye zartonsa ya dube ni. "Ticha, kyanwa fa ka ce? Ko dai albashi ne ya yi yawa?" Na ce, "Baba, bai yi yawa ba, kujerata nake so in ceta."

Ga yadda abin ya faro. Kyanwarmu ta farko ta ci ɓeran da aka sa wa guba a gidan hayarmu, ta mutu a gaban yara. Da muka samu Fara, sai na ce ita kam ba za ta taka waje ba, ga guba, ga babura. Wata uku ba su cika ba ta yage hannun kujera, ta tsinke labule, da asuba kuma sai ta yi ta kuka a bakin ƙofa. Maiɗakina ta ce ko a sake ta ko a bayar da ita.

Abin ya tsaya mini a rai, saboda duk mun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta a kan kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nemi abinci ba. Ni ina ba Fara ci da sha. Amma wanda ya rufe wa dabba ƙofa, duk abin da take samu a waje ya koma wuyansa. Kuma aikin aji ya koya mini cewa yaron da aka zaunar ba a ba shi abin yi ba, shi ne mai fasa benci.

Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ta daɗe da mu, don a tsibirin Saifurus an tono kabarin mutum da kyanwa a gefensa mai shekara kusan 9,500, amma halinta na farauta bai bar ta ba. Tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, ta farka da ƙarfinta da asuba da magariba. Hawa sama take yi don ta ga kowa, kowa bai taɓa ta ba. Yakushin kujera ma ba mugunta ba ce: tana cire tsohon ɓawon farce, tana miƙa, tana kuma barin ƙamshin tafinta a wurin don ta san nata ne. A 2013 wasu ƙungiyoyi biyu na likitocin kyanwa, ɗaya ta Amurka ɗaya ta ƙasa da ƙasa, sun fitar da ƙa'idoji biyar na gidan da ya dace da ita, kuma na farkonsu shi ne maɓoya. Likitocin dabbobi sun daɗe suna danganta damuwar kyanwa da ciwon mafitsara.

To ni ciki da falo gare ni, ƙasa ta cika da kaya. Bango kaɗai ya rage. Mai gida kuwa ya hana huda shi barkatai, don haka Baba kafinta ya kawo dabara: ya haɗa doguwar kanta ta littattafai da katakon wawa (sunan icen ke nan a Ghana, ba zagi ba ne), aka kama ta da bango a wuri biyu kacal. A gefenta ya fito da matakai huɗu, faɗin kowanne inci 10, tsakaninsu kamar ƙafa ɗaya da rabi, aka manna musu guntun kafet don kada santsi ya kwashe ta. Daga saman kanta aka shimfiɗa katako ɗaya zuwa kan kabad ɗin kaya, wani kuma ya sauko zuwa taga, inda muka ƙara raga mai ƙarfi. Ƙafar kantar ɗaya muka naɗe da igiya har tsayin ƙafa 3, don ta samu ta miƙe sosai in tana yakushi. A ƙasa ya bar akwati mai ƙofar da kai zai shiga, nan ne maɓoyarta in baƙi sun cika falo.

Mai son yin irin wannan ya kula da abu uku. Hanyar sauka ta zama biyu, musamman in kyanwar ta fi ɗaya. Katako ya yi nesa da fanka da wayar lantarki da zafin kwano. Sannan kwanon abinci daban, na ruwa daban, kaskon yashin bayan gida can nesa da su. In ta yi rashin lafiya kada a ba ta farasitamol, kashe kyanwa yake yi.

Kwana huɗu Fara ba ta kalli benen ba, har maiɗakina ta fara yi mini dariya. Na ɗora ɗan busasshen kifi a mataki na biyu, washegari a na uku. Yanzu in na dawo makaranta a taga nake samun ta, tana lissafin ƙadangaru da tattabarun maƙwabta. Bayan sallar magariba yara su ja mata gashin kaza a zare na minti goma, ta bi shi sama da ƙasa har ta gaji. Kukan asuba ya ragu ƙwarai, igiyar kuma ta ɗauke wa kujera wahala.

Ba ta zama kyanwar Lami ba, har yanzu tana yakushi. Makon jiya na koma Sokoban sayen sabuwar igiya, Baba ya hango ni ya ce, "Ticha, yaya mai bene?"