Borobudur: Ginin da Takalman Baƙi Ke Cinyewa

A tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya, kimanin kilomita 40 daga birnin Yogyakarta, akwai wani katafaren gini da ba shi da ɗaki ko guda. Ba ƙofar da za ka tura, ba rufin da zai kare ka daga ruwa. Borobudur ke nan, ginin addinin Buda mafi girma a duniya, wanda sarakunan daular Sailendra suka gina tsakanin ƙarni na 8 da na 9.

Tudu suka samu suka lulluɓe shi da dutsen aman wuta, guda kusan miliyan biyu, ba siminti ba laka. Kowane dutse an sassaƙa shi ne ya ciji ɗan'uwansa. Hawa tara ne: shida na ƙasa masu kusurwa huɗu, uku na sama kewayayyu. Mai ziyara yakan hau ta gabas, ya riƙa kewayawa ginin na hannun damansa, bango yana ba shi labari cikin allunan sassaƙa 2,672. Akwai tarihin Buda daga haihuwarsa, amma abin da ya fi ɗaukar ido shi ne rayuwar talakawa: manomi da shanun huɗa, makaɗa, 'yan kasuwa, jiragen ruwa. Can ƙololuwa kuma sai labari ya ƙare, a tarar da hasumiyoyi 72 kamar an kife kwanduna, kowace da mutum-mutumin Buda a zaune a cikinta, ana hango shi ta ramukan dutse.

Ɗaya daga cikin jiragen nan na jikin bango har Afirka ta Yamma ya taɓo. Wani Baturen Ingila, Philip Beale, ya sa masassaƙan Indonesiya suka ƙera irinsa. Jirgin ya bar Jakarta a watan Agustan 2003, ya bi ta Madagaska da Afirka ta Kudu, ya iso gaɓar Gana a Fabrairun 2004. Manufar ita ce a nuna mutanen wancan zamani suna iya yin wannan tafiya da irin jiragensu.

Bayan da cibiyar mulki ta koma gabashin Jawa a ƙarni na 10, ginin ya zama kufai. Toka da kurmi suka rufe shi shekara aru-aru. A ganina wannan binnewa ta fi yi masa rana a kan tonowar farko. A 1814 Thomas Stamford Raffles, gwamnan Ingila a Jawa, ya ji labarinsa, ya tura injiniya H.C. Cornelius da ma'aikata 200 suka sare dajin. Daga nan aka buɗe wa masu kwasa hanya. Kawunan mutum-mutumi suka riƙa ɓacewa, shi ya sa da yawa daga cikin guda 504 da aka yi wa ginin yau ba su da kai. A 1896 hukumomin mulkin mallaka na Holan da ke riƙe da Jawa a lokacin suka bar Sarki Chulalongkorn na Siyam, wato Thailand ta yau, ya tafi da sassaƙe-sassaƙe cike da amalanke takwas.

Amma babban abokin gabar ginin ruwa ne. Tunda cikinsa ƙasa ce, ruwan damina yakan tsuma tudun, bango ya karkata, gansakuka ta ci sassaƙar. Wani ɗan Holan, Theodoor van Erp, ya yi gyara tsakanin 1907 da 1911, bai magance tushen ciwon ba. Sai daga shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 gwamnatin Indonesiya da hukumar UNESCO suka yi aikin gaske: aka sauke duwatsu fiye da miliyan ɗaya, aka sa wa kowane lamba, aka wanke, aka shimfiɗa kankare da magudanan ruwa a ɓoye, sannan aka mayar da kowane mazauninsa. A 1985 bama-bamai suka lalata hasumiyoyi tara, aka sake gyarawa. A 1991 ginin ya shiga jerin kayan tarihin duniya. Da dutsen Merapi ya yi aman wuta a 2010, sai da aka bi shi lungu-lungu ana share toka.

Duk wannan hidima ana yin ta ne a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya, inda mabiya Buda ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mazauna ƙauyukan da ke kewaye, masu sayar da tsaraba da masu yi wa baƙi jagora, galibinsu Musulmi ne. Mabiya Buda kuwa sukan taru duk shekara ranar bikin Waisak, su tako daga haikalin Mendut zuwa Borobudur.

Yanzu kuma ƙafa ce matsalar. Kafin annobar korona miliyoyin mutane ke hawa ginin duk shekara, har matakalan dutse suka fara lotsawa. A 2022 gwamnati ta ce ɗan ƙasa zai biya rupiya 750,000 kafin ya hau, baƙo kuma dala 100. Jama'a suka yi caa, aka janye maganar. Kuma da gaskiyarsu: ta yaya za a ce jikokin waɗanda suka ɗora duwatsun nan sai dai su hango su daga nesa?

Hanyar da aka ɗauka a 2023 ta fi hankali. Aka ƙayyade masu hawa zuwa 1,200 a rana, rukuni-rukuni, kowane da ɗan jagora. Kowa kuma sai ya tuɓe takalminsa ya sa wani silifa mai taushi da ake kira upanat, wanda masu sana'ar hannu na yankin suke saƙawa da ganyen wani tsiro mai suna pandan. Samfurinsa ma daga jikin bangon aka kwaikwayo shi. Kuɗinsa na cikin tikiti, in ka sauko ka tafi da abinka gida.