Zanen Bango a Ɗakin Yara

Ka taɓa jinyar ɗanka a asibiti? Yaro na kwance wuni guda, ba abin kallo sai bango da rufin ɗaki. Farin bango da warin magani kan ƙara masa tsoro.

To, me za a zana masa? Abin da ya sani. A nan Diffa, ga kifin Komadugu, ga jan tattasai, ga saniyar kuri mai manyan ƙahoni. Ban da bindiga. Tuna da yaran sansanin Sayam Forage, da aka buɗe a 2014: yaƙi ya koro iyayensu.

A shafa fenti mai wankuwa da sabulu, marar dalma. Ka san yaro, yakan lashi bango, dalma kuwa guba ce.