Ɗaga Bayan A-kori-kura: Tsayi Ba Ƙarfi Ba Ne

Da gangan masu ƙera a-kori-kura irin Ford F-150 suke barin bayanta ya ɗara gabanta tsayi, domin in an yi lodi ta daidaita. Amma a Amurka mutane da yawa sukan ɗaga gaban saboda ado. To, da an aza kaya sai baya ya durƙushe, fitilu su kalli sama, sitiyari ya saki.

Magani shi ne dunƙulen ƙarfe tsakanin sifirin da sandar ƙafafun baya. Inci 1 ko 2 ya wadatar, gama mai tsawo yakan sa sandar ta riƙa murɗewa wajen tashi. Ba a jera biyu, kuma lalle a sake kusoshin ɗauri. Sai dai dunƙule ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya ko kilo ɗaya.