Kisasi, Diyya Ko Afuwa: Ina Matsayinmu?

Duk wanda ya taɓa halartar zaman judiyya a Maiurno ko wani ƙauyenmu na Jazira ya san irin shirun da kan sauka idan dattawa suka juya ga waliyyan jini suka ce, "To, me kuka zaɓa?" A wannan lokaci ran mutum guda yana rataye a bakin 'yan'uwan mamaci. Tun bayan rikicin Nil Azrak na 2022, inda aka kashe ɗaruruwan mutane a yankin Rusairis da Wad al-Mahi, wannan tambaya ta shigo gidajenmu da yawa.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. Dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ta yanke wa mai kisan ganganci hukuncin kisa a matsayin kisasi. Amma ta bar ƙofa a buɗe: idan ɗaya daga cikin waliyyai ya yafe, ko da diyya ko babu, kisasi ya faɗi, sai alƙali ya koma ga ɗauri wanda bai wuce shekara 10 ba. Tushen wannan yana cikin Suratul Baƙara, inda aka ambaci kisasi da afuwa a aya ɗaya.

Mu malaman makaranta ba za mu manta da Malam Ahmad al-Khair na Khashm al-Girba ba, wanda ya mutu a hannun jami'an tsaro a Fabrairun 2019. A ƙarshen Disamba na wannan shekara kotu a Omdurman ta yanke wa jami'ai 29 hukuncin kisa, bayan danginsa sun zaɓi kisasi. Wa zai zarge su? Mai ganin a soke hukuncin kisa baki ɗaya, sai ya fara samun amsar da zai ba irin waɗannan bayin Allah.

To amma kowace ƙwarya da abokiyar burminta. A ranar 18 ga Janairu 1985 gwamnatin Numairi ta rataye Mahmud Muhammad Taha a kurkukun Kobar bisa zargin ridda, yana da shekara 76. A 1986 kotun ƙoli ta ce wannan hukunci ɓatacce ne, a 2020 kuma aka cire ridda daga cikin laifuka. Takarda ta gyaru, mutumin kuwa yana kabari. Haka Nura Husaini, yarinyar da aka yi wa auren dole: a Mayun 2018 aka yanke mata kisa saboda kashe mijinta, a watan Yuni kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin shekara 5 da diyya. Da ba ta samu lauyoyi da masu tsaya mata ba fa?

Nan ne damuwarmu take. Alƙali ɗan Adam ne, shaida kan yi ƙarya, mai bincike kan gaji. Mai hali yana ɗaukar lauya, danginsa su haɗa diyya cikin mako guda. Ɗan kambo mai cirar auduga a hawashar wani, wanda Larabcin kotu ma bai gama kama shi ba, wa ya sani? Bayan sojoji sun karɓe Sinja a 2024 da Madani a farkon 2025, kotuna sun yanke wa mutane kisa bisa zargin taimaka wa dakarun Da'am Sari'. Irin wannan tuhuma babu waliyyin jini da za a je a roƙa, kuma a lokacin yaƙi maƙwabci mai tsohuwar gaba kan iya nuna yatsa. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da koya mana cewa kuskuren shugaba wajen yafewa ya fi sauƙi a kan kuskurensa wajen hukunci.

Saboda haka, jama'a, ga shawararmu. Haƙƙin waliyyai nasu ne, kada a tilasta musu yafiya don kunyar manya. Amma kada kuma a zuga su. Umdodinmu da limamai su tabbata duk ɗan garin da aka tuhuma da laifin kisa ya samu lauya da tafinta, ko da karo-karo za a yi. Wanda aka kira shaida ya faɗi abin da idonsa ya gani kaɗai, ban da jita-jitar kasuwa. Matasa kuma su bar ɗaukar fansa da hannunsu, domin ramuwar gayya ita ce ta mayar da saɓani kan ƙasa ya zama gawawwaki a 2022.

Kakanninmu sun baro Burmi a 1903 suna neman inda za su zauna lafiya, suka kafa Maiurno a bakin wannan kogi. Ɗaurarre ana iya sakinsa idan gaskiya ta bayyana. Wanda aka rataye, sai dai addu'a. Allah ya tsare mu da ɗaukar alhakin jini, ya jiƙan waɗanda muka rasa, amin.