Jim Northrup: Yaron Da Aka Raba Da Harshensa, Ya Koma Ya Nemo Shi

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, yaron da aka ɗauke daga gida yana ɗan shekara 6, ba da son ransa ba fa? Labarin irin wannan yaro muka kawo muku yau, wato marigayi Jim Northrup, mawaƙi, marubucin wasan kwaikwayo, kuma mai fafutukar neman haƙƙin mutanensa.

Northrup ɗan ƙabilar Ojibwa ne, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasashen da ake kira Amurka da Kanada yanzu. An haife shi a shekarar 1943 a Fond du Lac cikin jihar Minnesota, yankin da aka keɓe wa mutanensa bisa yarjejeniyar 1854, bayan sun sallama wa gwamnati ƙasa mai yawa.

Yana ƙaramin yaro aka kai shi makarantar kwana ta gwamnati a Pipestone, kimanin mil 300 daga gida. Manufar irin waɗannan makarantu ita ce a raba yara da harshensu da al'adunsu. Ya sha duka, har ya taɓa gudu, amma bai yi nisa ba aka kamo shi. Daga baya ya yi karatu a wata makarantar kwana ta mishan a jihar Dakota ta Kudu. A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: binciken gwamnatin Amurka na 2024 ya ƙirga makarantu 417 irin waɗannan tsakanin 1819 da 1969, da yara aƙalla 973 da suka mutu a cikinsu, kuma ekklisiyoyi suna da hannu wajen tafiyar da masu yawa daga cikinsu. Northrup ya fito da Turanci a bakinsa, amma harshen iyayensa ya kusa kuɓuce masa.

Da ya gama sakandare ya shiga soja, aka kai shi yaƙin Biyetnam a 1965. Ya dawo da raunin da ido ba ya gani, wato mugayen mafarkai da firgita. Rubutu ne ya zama maganinsa. Littafinsa na farko, Walking the Rez Road, ya fito a 1993, gajerun labarai ne da waƙoƙi game da wani tsohon soja da ya komo gida, ya kuwa sami lambar yabo ta jihar Minnesota. Daga 1989 ya riƙa rubuta shafinsa na jarida mai suna Fond du Lac Follies, har shekara 25. Ya kuma rubuta wasannin kwaikwayo, irin su Shinnob Jep, waɗansu ma shi kaɗai yakan hau dandali ya yi su. Makaminsa barkwanci ne. Yakan sa mutum ya yi dariya tukuna, sa'an nan maganar ta sauka masa a zuciya.

Bai tsaya ga alƙalami kaɗai ba. Ya tsaya tsayin daka kan haƙƙin farauta da kamun kifi da tsofaffin yarjejeniyoyi suka bar wa Ojibwa, wanda Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a wata shari'ar 1999. Shi da iyalinsa sun koma ga aikin kakanni a garin Sawyer. Da ƙanƙara ta soma narkewa sukan tatsi ruwan zaƙi na wani itace su dafa ya yi kauri kamar zuma. Da kaka sukan shiga kwalekwale su kaɗe shinkafar da ke fitowa da kanta a tafki, su sheƙe ta da fayafayan ɓawon itace waɗanda shi da matarsa suke yi da hannunsu.

Babban aikinsa kuwa shi ne harshe. Da girmansa bai ji kunyar komawa ɗalibi ba, yana koya yana sa kalmomin Ojibwa cikin rubutunsa. A 2009 shi da matarsa da abokansu suka kafa zangon koyon harshen Ojibwa na shekara-shekara, inda tsofaffi da yara suke zama wuri ɗaya. Ciwon daji ya ɗauke shi ranar 1 ga Agusta, 2016, yana da shekara 73.

Ya mai karatu, shi da bulala aka raba shi da harshensa, duk da haka ya koma ya nemo shi. Mu da ba wanda ya ɗaga mana bulala, da wane harshe 'ya'yanmu suke gaida kakanninsu?