A Fara Bin Sawun Kuɗin Gari Kafin a Kafa Masana'anta

Duk al'ummar da ke neman bunƙasa, akwai tambayoyi uku da ya kamata ta fara amsawa: ta wace ƙofa kuɗi ke shigowa garin, hannun wa suke ratsawa, kuma ta ina suke zurarewa? Amsa su da hujja shi ne nazarin tattalin arzikin yanki, kuma tsallake shi ne ke sa ayyuka masu tsada su zama kufai. Yankin Kadawa na jihar Kano ya isa darasi a kan haka.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya zama ƙashin bayan Kura da Bunkure da Garun Malam. Da kakar tumatir kaya kan yi yawa a kasuwar Kwanar Gafan har farashi ya faɗi warwas. Ana jibga kwando kan kwando a manyan motoci, na sama ya danne na ƙasa, ruwan tumatir na ɗiga tun kafin a kama hanyar Legas. Wanda bai samu mai saye ba sai ya yayyanka nasa, ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa, ƙura na bi ta kai. Duk mai ganin wannan zai ce masana'anta ce magani. A 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe ta a Kadawa, da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, amma ba ta daɗe ba ta tsaya saboda ƙarancin tumatir. A shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. Ko ba ita ba, amfanin da kadada ke bayarwa kaɗan ne, yalwar ta 'yan watanni ce, manomi kuwa da zarar farashi ya tashi kasuwa zai nufa. Ashe cikar kasuwa ta ɗan lokaci ba ta nufin akwai kayan da za su riƙe inji shekara guda.

Nazari na gaskiya zai bi kwando tun daga gona. Nawa manomi ya kashe a iri da taki da man injin ban-ruwa, kuma nawa daga ciki ya tsaya a garin? Nawa dillali ya ɗauka, nawa mai mota, nawa ya ruɓe a hanya? Lissafin nan kan nuna cewa ingantaccen iri, da akwatunan roba maimakon kwanduna, da wurin shanya mai tsafta, su ne matakin farko. Zuba jari ba tare da toshe waɗannan kafofi ba kamar ɗibar ruwa da kwando ne.

Wasu za su ce babu alƙaluma a ƙananan hukumominmu. Gaskiya ne ba su cika a rubuce ba, amma suna nan a bakin mutane. Sarkin kasuwa ya san yawan motocin da ke lodi, 'yan kamasho sun san kuɗin dakon kowane wata, matan da ke turara shinkafa a Kura sun san abin da ke saura musu a buhu. Abin da ya rage shi ne a tattara, a rubuta, a gwada maganar wannan da ta wancan. Wasu kuma za su ce nazari ɓata lokaci ne alhali matasa na zaman banza. To, watanni kaɗan na bincike sun fi shekarun da gini zai yi a kulle, kuma babu wanda ya ce a ƙi masana'anta. Cewa aka yi ta zo a lokacin da gona za ta iya ciyar da ita.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da ƙungiyoyin ci gaban gari su haɗa kai da jami'o'in da ke kusa da su, irin su Jami'ar Bayero, a ƙidaya sana'o'in kowace gunduma kafin a rubuta kasafi. Kada a sake aza tubalin wani aiki sai an san amsar tambayoyin nan uku.