Addu'ar Taro A Minna: Daga Zamanin Reluwe Zuwa Bayan Madalla

Duk mutumin Arewa da ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga Ikko ko Badun zai tafi ganin gida, a zamanin da jirgi ke tashe, ya san Minna ko da bai taɓa kwana cikinta ba. In jirgi ya ƙetare Kwara a Jabba, ya wuce Mokwa da Zungeru, nan ne ya kan tsaya ya daɗe, fasinja su sauka su miƙe ƙafa, su sayi doya, sa'an nan a kama hanyar Kaduna. Abin da matafiyi ba ya gani ta tagar jirgi shi ne yadda garin ya ke ran Lahadi da safe, sa'ad da mutanen Bosso da Tunga da Maitumbi da Kpakungu da Chanchaga su ke fitowa da iyalinsu, kowa da Littafi Mai Tsarki a hammata, a nufi majami'a.

Reluwe ce ta raya Minna, ita ce kuma ta fara tara masu sujada a cikinta. Ƙasar ta Gwari ce tun asali, watau Gbagyi kamar yadda su ke kiran kansu. Hanyar jirgi da aka ja daga Baro ta bi ta Minna ta kai Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗa ta da wadda ta taso daga Ikko, Minna ta zama mahaɗa. Sai ga akawuna da maƙera da direbobi da leburori sun kwararo daga Kudu, Yarbawa da Ibo da sauransu, da yawa cikinsu Kirista ne. Baƙi ne, ba su da dangi a garin, ba su jin harshen masu gari. Abin da su kan yi a garuruwan reluwe shi ne su nemi juna ran Lahadi, su taru a ɗakin wani ko a rumfa su yi addu'a, tun kafin a sami gini ko limami zaunanne. Mai karatu da ke zaune a Agege ko Obalende ko Sabo ta Badun ya san wannan hali, don kuwa shi ma baƙo ne, sai dai shi daga Arewa ya gangaro.

Su kuwa 'yan Mishan ta wata ƙofa suka shigo. Ƙungiyar S.I.M. ta aiko da mutum uku a 1893, biyu suka mutu cikin shekara mai bi, ɗaya daga cikinsu, Thomas Kent, a Bida ya rasu. Sai a 1902 suka sami zama a Pategi, a 1904 suka buɗe tasha a Wushishi, daga nan suka shiga ƙauyukan Gwari, Minna kuma ta zama wurin da sababbin Turawan Mishan su ke koyon Hausa. Daga wannan aiki ne ikilisiyar E.C.W.A. ta fito a 1954. 'Yan Katolika sun sami yankinsu na Minna a 1964, da aka cire shi daga Kaduna, a 1973 ya zama cikakken dayosis, aka naɗa Bishop Christopher Abba na farko. Da aka mai da shi Yola a 1996 sai Bishop Martin Uzoukwu ya gaje shi. Babbar majami'arsu ita ce St Michael. 'Yan Angilika kuwa a watan Satumba 1990 suka kafa nasu dayosis na Minna. A tsakanin nan garin ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976, ma'aikata suka ƙaru, majami'u suka ƙaru tare da su.

To, me ya sa Kirista ba ya zama ɗakinsa ya yi addu'arsa shi kaɗai ya huta? Ai littafinsa bai hana ba. Cikin Matiyu sura 6 an ma umurce shi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya roƙi Allah a ɓoye, don gudun riya. Amma cikin wannan littafi dai, a sura 18, akwai alkawarin da Yesu Almasihu ya yi cewa zai kasance tare da mabiyansa in sun taru cikin sunansa, ko da ba su wuce biyu ko uku ba. Wasiƙar Ibraniyawa sura 10 kuma ta tsawata wa waɗanda suka mai da ƙin zuwa taro al'ada. Ita kanta addu'ar da ya koya wa almajiransa da bakin jama'a a ke yinta, ba da bakin mutum ɗaya ba: abincin da a ke roƙo namu ne, gafarar da a ke nema tamu ce. Ko kalmar nan ikilisiya, asalinta daga harshen Girka, ma'anarta taron jama'a. Ginin shi ne majami'a, mutanen su ne ikilisiya. Musulmi da ya san fifikon sallar jam'i a kan ta mutum ɗaya ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Labarin da masu wa'azi suka fi so a kan wannan magana yana cikin Ayyukan Manzanni sura 12. Sarki Hirudus ya kama Bitrus ya sa a kurkuku, ikilisiya ta taru a gidan wata mace mai suna Maryamu ana ta yi masa addu'a da dare. Da Bitrus ya kuɓuta ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar gidan, Roda, ta gane muryarsa, murna ta sa ta manta ta buɗe, ta ruga ciki ta faɗa. Masu addu'ar suka ce ta haukace. Watau ga mutane suna roƙon abu, an ba su, sun ƙi yarda. In an karanta wurin nan jama'a kan yi dariya, don kowa ya ga kansa a ciki. Abin lura shi ne ba don ƙarfin bangaskiyar kowane ɗaya cikinsu aka rubuta labarin ba, don sun taru ne.

Sujadar Lahadi ita kowa ya ke gani, amma ba ita ce ke riƙe da ikilisiya ba. Abin da ke riƙe da ita shi ne ƙananan tarurruka na tsakiyar mako, waɗanda ba a sa musu sababbin kaya. Akwai addu'ar asuba, akwai addu'ar ran Laraba da yamma a majami'u da yawa, akwai ta gida gida a unguwa. 'Yan Katolika suna da Hanyar Gicciye kowace Jumma'a cikin kwana 40 na azuminsu, da Rosari cikin watan Oktoba. A irin waɗannan tarurruka ne mai jagora ya kan tambaya ko akwai mai roƙon addu'a. Sai wannan ta ce mijinta yana asibiti, wancan ya ce an sallame shi daga aiki, wata ta ce ɗanta soja ne an tura shi daji, wata biyu ba labari. A durƙusa a ambaci kowa da sunansa. Ga inda hikimar ta ke: matsalar da aka faɗa a gaban mutum 20 ta daina zama asiri, wanda kuma ya ce amin a kanta da bakinsa zai ji kunya ya wuce ƙofar gidan bai leƙa ba. Gobe sai ka ga an kai tuwo asibiti, an haɗa kuɗin magani, wani ya tuna yana da ɗan'uwa a ma'aikatar da a ke ɗaukar mutane.

A wannan fanni ba wanda ya kai Zumuntar Mata. Su ne masu zane iri ɗaya, masu kiɗan tulu da caki, su ne kuma na farko a gidan haihuwa da gidan makoki. Fasto ya kan yi wa'azi ya tafi, su ne su ke kwana da gwauruwa. Duk dattijon ikilisiya mai gaskiya zai yarda cewa in Zumunta ta yi fushi, majami'a ta mutu tsaye.

Akwai kuma maganar harshe. Bagwari da Bakoro da Bakambare da Badakkare da mutumin Kudancin Kaduna ko Filato, kowa da harshen uwarsa, amma in sun haɗu a benci ɗaya da Hausa su ke roƙon Allah. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ya zama igiyar da ta ɗaure su. Saboda haka majami'u da yawa a Minna su kan yi sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci.

Ranar da aka gwada wannan al'ada gwaji mai tsanani ita ce ran 25 ga watan Disamba 2011. Ranar Kirsimeti ce, ta kuma faɗo ran Lahadi. A Madalla, kusa da Suleja, cikin dayosis na Minna, jama'a suna fitowa daga sujadar safe a majami'ar St Theresa sai bam ya tashi a bakin ƙofa. Mutum fiye da 40 suka mutu, wasu 'yan gida ɗaya ne cikin mota ɗaya, wasu kuma masu wucewa ne kawai. 'Yan Boko Haram suka ce su ne suka yi. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya fito ya la'anci abin. Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya je wurin ran 31 ga wata, a ranar kuma ya kafa dokar ta-ɓaci a wasu ƙananan hukumomi, har da Suleja. Kabiru Sokoto, wanda aka kama game da harin, kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Disamba 2013.

Bayan wannan sai tambaya ta sauka a kowane gida na Kirista a jihar. Wanda ya kai harin ai taro ya ke nema, ya jira ranar da aka fi cika. In kowa ya zauna gidansa ya yi addu'a, babu abin da zai tarar. Uba mai 'ya'ya biyar da ya yi wannan lissafi ya hana iyalinsa fita ba za a ce da shi matsoraci ba, kuma akwai waɗanda suka yi haka na ɗan lokaci. Amma majami'u ba su rufe ba. Aka hana ajiye mota kusa da gini, aka sa samarin ikilisiya a ƙofa suna binciken jaka, aka ci gaba da taruwa. A cikin Minna kanta, a farkon watan Janairu 2012, wasu samari Musulmi suka je suka tsaya a wajen majami'a suna gadi har aka tashi daga sujada. Ba su da bindiga, kuma da abin ya zo da ba su iya tare shi ba. Sun dai nuna cewa sun san abin da a ke nufin watsawa. A Madalla kuwa, cikin watan Fabrairu 2012, aka binne wasu daga cikin mamatan a harabar majami'ar, inda masu zuwa sujada za su riƙa wucewa ta gefensu.

Kada mai karatu ya ɗauka kome lafiya lau ne cikin wannan sha'ani. Taro yana da nasa cututtuka. Majami'u sun yi ta rabuwa, wani lokaci ba kan koyarwa ba, kan kujera da baiko. Wani wuri sashen Hausa da sashen Turanci sun zama kamar kishiyoyi, gini ɗaya amma ba a san juna ba. Ga masu kwanan addu'a da lasifika a tsakiyar unguwa, maƙwabci mara lafiya ya kwana ido biyu, alhali Wanda a ke roƙo ba kurma ba ne. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, watau C.A.N., da aka kafa a 1976, ta kan tara ɗariku wuri ɗaya, amma an fi ganin cikar taronta in an yi rashi ko in zaɓe ya gabato.

Ga ɗan Arewa Kirista da ke Kudu, abin ya fi sauƙin sulluɓewa. Mai gadi yana aiki ran Lahadi, ɗan acaba yana ganin ranar ce ta samu, majami'ar da ke kusa da Yarbanci a ke yi, ya shiga ya fita ba wanda ya tambayi sunansa. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara. Ba a gane abin da aka yi hasara sai ran da ciwo ya kwantar da mutum, ko ran da aka rasa wanda zai tsaya a kai gawa gida. Akwai majami'u masu sujada da Hausa a Ikko da Badun, da cikin barikokin soja da na 'yan sanda, kuma al'adar ikilisiya ce ta ba ɗanta mai tafiya takardar shaida ya kai inda ya sauka. Da yawa irin takardun nan suna ƙasan akwati. Zumunta dai a ƙafa ta ke, haka akawunan reluwe suka gane a Minna tun 1912.

Limamin da ke riƙe da St Theresa ranar da bam ya tashi shi ne Fada Isaac Achi. Ya tsira, shi ya binne mutanensa, ya ci gaba da aiki. Daga baya aka kai shi majami'ar Bitrus da Bulus a Kafin Koro, cikin ƙaramar hukumar Paikoro. Da tsakar dare, wayewar Lahadi 15 ga watan Janairu 2023, 'yan bindiga suka kewaye gidan limamai. Su biyu ne a ciki, shi da mataimakinsa Fada Collins Omeh. Bisa ga bayanin da mataimakin ya yi daga baya, da suka ga babu mafita sai suka yi addu'a tare, kowannensu ya furta zunubansa ga ɗan'uwansa bisa ƙa'idar Katolika. An harbi Fada Collins amma ya kuɓuta da rauni. Maharan suka sa wa gidan wuta, Fada Achi ya rasu a ciki. Da gari ya waye, lokacin da aka saba taruwa don sujadar safe, mutanen Kafin Koro a bakin ƙonannen gidan suka taru.